Tsayuwar Mai Tanka

"To ki ce tilasta shi aka yi."

"Ba wanda ya tilasta shi, Barista."

"Malama, ban tambaye ki abin da ya faru ba. Abin da za ki faɗa gobe a gaban alƙali nake gaya miki."

Allura ta ƙura wa fankar da ke saman kan lauyan ido, tana juyawa tana kuka kamar za ta tsinko. Tun tana ƙarama ake kiranta Allura, saboda siranta da kuma bakinta da ba ya barin kowa ya wuce bai ji tsini ba, sai kuma aka yi dace ta girma ta zama tela a kamfanin da ke ɗinka kayan 'yan makaranta. Yau dai bakin ya mutu murus. Ofishin ɗan tsukuku ne a saman shagon masu buga takardu, duk sa'ad da injinsu ya tashi sai shayin da ke kan tebur ya kama rawa a cikin kofi. Lauyan na gwamnati ne, irin wanda ake ba wa wanda ba shi da halin ɗaukar nasa, kuma yadda yake yawan duban agogo ya isa ya gaya mata akwai masu jiran kujerar da take kai.

"Bari in sake yi miki dalla-dalla," ya ce. "Mijinki ya take mai burodi da tankar ruwa a shataletale. Bai gudu ba, bai sha komai ba, ya amsa laifinsa tun ranar farko. Irin wannan shari'ar ko ina gyangyaɗi zan yi ta: a ƙwace lasisi, a yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka, ya kwana a gidansa. Amma ina! Ana ba shi beli sai ya tuɓe takalmi ya je ya kafe a ƙofar matar mamacin kamar falwaya. Yau yana nan, gobe yana nan, har sai da 'yan sanda suka zo suka tumɓuke shi. Ke gaya mini, wace kotu ce za ta ga haka ta ce nadama ce?"

"Tsayuwa ce."

"Na sani. Tsayuwa. Kin gaya mini, ya gaya mini, har mafarkinta nake yi."

Bai sani ba, ji kawai ya yi. A wurin 'yan tudu, mutanen da kakanninsu suka sauko daga duwatsu suka yi unguwa a bayan layin dogo, wanda rai ya salwanta a hannunsa ba ya aika gaisuwa, ba ya ba da haƙuri da baki, ba ya kuka. Hawaye na masu gawa ne. In ya zubar da nasa ya yi musu sata ta biyu. Abin da ke kansa shi ne ya je ƙofarsu da sassafe, ƙafa ba takalmi, kai ba hula, ya tsaya inda za su gan shi, don fushinsu ya sami inda zai sauka. Su mare shi, su tofa masa yawu, su jefe shi da abin da ke hannu, ba shi da ta cewa. Ranar da uwar gidan ta fito ta dafa kafaɗarsa ta juya shi ya fuskanci hanya, ranar magana ta mutu. Kafin nan kuwa yana tsakiya ne, bai mutu ba, bai kuma dawo cikin masu rai ba.

Abin da ke cin Allura kamar gara, ita ce ta aike shi.

A garin nan aka haife ta, tudun ko a mafarki ba ta taɓa taka shi ba. A bakin kakarta ta ji labarin tsayuwa, tana tsefe mata kai, ta kuma riƙe shi a zuciya kamar waƙa: ga mutum ya kai fuskarsa inda ya yi ɓarna, bai ɓoye a bayan kowa ba. Me ya fi wannan kyau a duniya? Bayan hatsarin ta ga mijinta yana narkewa a gabanta. Mai Tanka, wanda a da in ya kawo ruwa kamfaninsu kullum sai ya shigo da aljihu a yage don ya sami dalilin tsayawa gaban kekenta, har manaja ya tambaye shi ko ɓeraye yake kiwo a wando. Mutumin nan ne ya koma zama a bakin gado yana kallon tafin hannunsa kamar na wani aka ara masa. Abinci ya huce, ta ɗumama, ya sake hucewa. Wata safiya ta durƙusa a gabansa, ta kwance masa igiyar takalmi da hannunta, ta ce, "Tashi ka je. Ka kai mata fuskarka."

Kawunsa mai facin taya, shi kaɗai ne dattijon da ya rage musu, ya biyo su har gida yana haki, hannu duk baƙin roba.

"Ke 'yar nan, ke da ko tudun ba ki taɓa gani ba sai a kalanda! Can kowa ya san ma'anar ƙafa ba takalmi. Nan kuwa cewa za su yi mahaukaci ne ya ɓalle. Ni da aka yanke mini cibi a can na bar musu kayansu, ke ce za ki ɗauko?"

"Kawu, ai ku kuka zubar, shi ya sa muke tsinta."

"Bakinki dai, Allura. Wata rana sai ya ɗinke ki da kanki."

Ga shi kuwa ya ɗinke.

"Ki saurare ni da kyau," lauyan ya ce, ya dawo da ita ofishin. "Na samo wani farfesa da ya yi rubutu a kanku, zai zo ya yi bayani. Amma bayani ba ya fitar da mutum. Kotu ba ta tausayin al'ada, wanda al'ada ta danne take tausayi. Ina son ki ba ni tsoho guda, mai jajayen idanu, wanda ya ce wa mijinki ko ya je ko a tsine masa. Akwai wani kawunsa, ko?"

"Kawu ne ma ya hana."

"Madalla, ashe akwai shi. Ba ɗaure shi za a yi ba, zagi kawai zai sha. Tsoho ai ya saba." Ya kurɓi shayin, ya yatsine fuska don ya yi sanyi. "Zaɓi naki ne, Malama. Ko gobe ki tafi gida da mijinki, ko ki tafi da gaskiyarki. Mota ɗaya ba za ta ɗauke ku duka ba."

Daga can gidan yari ta wuce, inda yake tsare tun da aka soke belinsa. Ɗakin ziyarar dogo ne, an raba shi da ragar waya, kowa na ihu don ya rinjayi ihun na kusa da shi. Da aka fito da shi sai da zuciyarta ta yi tsalle kamar ranar farko, sannan ta faɗo. Wuyansa ya yi tsawo, rigar ta yi masa yawa.

"Wane tela ne ya yi maka wannan aika-aika?" ta ce, don kada ta yi kuka. "Buhu ne ko riga?"

"Na gaya musu ina da tela a gida, suka ce ba sa ba da kwangila."

Ta zura yatsu biyu ta cikin ragar, ya riƙe su. Hannunsa da sanyi.

"Na ɗinka maka farar riga, na bar ta wurin gandiroba. Gobe ita za ka sa. Kuma ka ji ni, Yallaɓai: gobe ka yi kuka."

"Da hawayen wa?"

"Da nawa. Ina da su har na sayarwa. Barista ya ce alƙalin nan yana son ya ga ido ya jiƙe. Ka tuna wani abin tausayi. Ka tuna girkina na farkon aure."

Ya yi murmushi, amma bai kai ko'ina ba.

"Kin ga yaran?" ya ce. "Ƙaramin yana da tari. In na tsaya a ƙofarsu nakan ji shi daga ƙasan bene."

Su ba su haihu ba tukuna. Yaran mai burodi yake nufi. Allura ta ji wani abu mai kama da kishi ya taso mata, kishin gidan da ba ta taɓa shiga ba, wanda ya cinye mata miji da ransa.

"In aka tambaye ka ko za ka koma, ka ce a'a."

Ya dubi yatsunta.

"Ka ji ni? Ni na ce ka je, ni kuma nake cewa ya isa. Ka ce a'a, mu tafi gida. Na gaji da kwana da filo."

Gandiroba ya buga sanda a jikin ƙarfe, lokaci ya cika. Har aka juya da shi bai ce mata e ba, bai ce a'a ba.

Kotun tana warin man goge katako da zufar mutane. 'Yan tudu sun cika benci biyu na baya, sun sha wanka kamar masu zuwa ɗaurin aure, sauran mutane kuwa sun bar benci guda fanko tsakaninsu da su, ba tare da wani ya ce a yi hakan ba. Kawu na tsakiya cikin babbar rigarsa ta fita kunya, ya kankare farcensa har ya ji ciwo amma baƙin robar ya ƙi fita. Da ya hango Allura ya ɗaga mata hannu. Ta yi kamar tana gyara ɗankwali.

Kafin tasu akwai wata shari'ar. Wani matashi ne ɗan gari, ma'aikacin banki, ya kaɗe tsohuwa a wurin tsallaka titi yana duba waya. Tun kafin a gama karanto laifin ya ɓarke da kuka, kafaɗa na rawa, majina na zuba a kan kwat. Ya ce shi ma yana da kaka. Mahaifiyarsa ta taya shi daga benci. Alƙalin, wani dattijo mai tattausar murya da tabarau a karan hanci, ya sa magatakarda ya miƙa masa abin share ido, ya ce a fili yake yaron nan ya riga ya hukunta kansa fiye da yadda kotu za ta iya. Aka ƙwace lasisi, aka ce ya je ya gyara halinsa. Ya fita rungume da uwarsa, kafin ya kai ƙofa har ya ciro wayar.

Allura ta ji iska ta shiga ƙirjinta. Ashe alƙalin mai tausayi ne. Ashe ana fita.

Sai aka shigo da Mai Tanka cikin farar rigar. Rigar ta zauna masa ɗas, don tun a ziyarar baya ta auna ramarsa da ido ta bayan raga. Ya tsaya a akwatin wanda ake tuhuma, hannu a gefe, ido a bushe kamar ƙasan tukunya. Alƙalin ya dube shi ta saman tabarau, ya daɗe, kamar mai jiran ruwa ya tafasa. Da ya ga ba abin da ke tafe sai ya sunkuya ya rubuta wani abu.

Farfesan ya zo da jaka da muryar aji. Ya yi bayanin tsayuwa tiryan-tiryan, har ma ya fi kakarta sani, amma kowace kalma ta fito bakinsa sai Allura ta ji kamar ana tuɓe musu kaya a kasuwa. "Waɗannan mutane," yake cewa, yana nuna bencin baya da biro. "Waɗannan mutane, a tunaninsu." Mutanen kotun suka riƙa juyawa suna kallon waɗannan mutane, wata mata ta janye jakarta zuwa cinya.

Mai gabatar da ƙara ya miƙe a hankali, mutum ne mai fara'a.

"Farfesa, mun ƙaru. Tambaya ƙarama. In matar ba ta fito ta juya shi ba fa? Yaushe abin yake ƙarewa?"

"A ƙa'ida ba ya ƙarewa. Akwai ma labarin wani da ya yi ta tsayuwa har ya yi furfura." Farfesan ya yi murmushin wanda aka taɓo masa inda yake so. "Abin sha'awa ne ƙwarai. A zamanin da can, a wasu dangogin, in aka sallami mutum yakan ɗauki nauyin gidan gaba ɗaya, wani lokacin har ya auri matar."

"Har ya auri matar."

"A da can, na ce. Da daɗewa."

"Wato dai, ya mai shari'a, ya take mijin da mota, ya zo layin gado."

Dariya ta tashi, irin wadda ake dannewa ta fito ta hanci. Alƙalin ya ƙwanƙwasa tebur, amma gefen bakinsa ya motsa, Allura ta gani. A bencin gaba wata mata mai baƙaƙen kaya ta toshe baki da hannu kamar za ta yi amai. Lauyan Mai Tanka ya rufe ido. Da ya buɗe, Allura ya kalla, kallon da ke cewa saura ke.

Ta shiga akwatin shaida. Ta rantse. Lauyan ya tambaye ta wa ya sa mijinta zuwa gidan, ta ji muryarta ta fita sarai, ba gargada, kamar ɗinki a kan sabon keke.

"Kawunsa ne. Ya ce in bai je ba ba shi ba dangi, ko gawarsa ba za su ɗauka ba. Maigidana bai so ba. Tsoro ya ji."

"Ke kuma me kika ce?"

"Na roƙe shi kada ya je."

Bencin baya ya yi tsit. Ba ta kalli can ba, ba ta kalli akwatin da mijinta yake ba, agogon bango ta kalla har lambobinsa suka narke.

"Kawun nan yana cikin kotu?" alƙalin ya tambaya.

Ta ji benci ya yi ƙara. Ta ji tarin da ta sani tun tana amarya.

"Ga ni, ranka ya daɗe." Kawu ya cire hula ya riƙe da hannu biyu. Ya dubi Allura sau ɗaya, ba fushi a idonsa, wannan ne ma ya fi yanka ta. "Yadda yarinyar ta faɗa haka ne. Ni ne."

Alƙalin ya ajiye biro. Muryarsa ba ta tashi ba, a hankali ya yi ta yanka, kamar mai fere kabewa. Ya ce ƙasar nan ta buɗe wa mutane ƙofa, ta ba su wurin zama da ruwan famfo da makaranta, amma wasu sun sauko daga dutse sun bar hankalinsu a can. Ya ce tsufa ba hikima ba ne. Ya ce da doka ta ba shi dama, da tsohon ne zai kwana a rufe yau. Sannan ya sa ɗan sanda ya fitar da shi, don kada zamansa ya firgita masu shaida. Ɗan sandan ya kama shi ta hannun riga, rigar fita kunyar, ya ja. Hular ta faɗi a tsakanin benci, wani ya sa ƙafa ya ture ta gefe don a sami hanya.

Allura ta koma wurinta. Matar da ke kusa da ita, wadda suka yi shekaru suna cin bashin gishirin juna, ta matsa can. Ba komai, ta ce wa zuciyarta. Su tsane ni. Su tsane ni duka, in dai yau zan ji numfashinsa a bayan wuyana.

Sai aka kira matar mai burodi.

Ƙarama ce, ba ta kai Allura tsawo ba, hannayenta sun yi kanta irin ta mai wanki. Ba ta yi kuka ba ita ma. Ta riƙe katakon akwatin ta yi magana da alƙali kamar su biyu ne a ɗakin.

"A hawa na uku muke, taga ɗaya gare mu, titi take kallo. Ranar farko na ɗauka mabaraci ne, har na ce wa babban ya kai masa ragowar burodi. Yaron ne ya gane shi, don ya gan shi a ofishin 'yan sanda. Ya dawo da gudu ya shige ƙarƙashin gado." Ta gyara riƙon katakon. "Mutumin nan ba ya magana. Da zagi yake yi da na san abin da zan yi. Tsayawa kawai yake yana kallon sama, ko ruwa ake yi. Na rataya bargo a tagar, amma na san yana nan, ina jin sa a bayana kamar ciwon haƙori. A asibiti nake wanki, aikin safe. Na kasa fita. Suka jira ni, suka gaji, suka ɗauki wata. Ƙaramin ya koma fitsarin kwance. Mijina sau ɗaya ya mutu, ya mai shari'a, amma mutumin nan kullum sai ya zo ya sake kashe mini shi kafin in wanke ido."

A karon farko ta juya ta dubi Mai Tanka.

"Yau kuma na ji wai ni ake jira. Wai in sauko in dafa shi, in sallame shi, ya je ya yi barci. An kashe mini miji, kuma an ba ni aiki! Wa ya tambaye ni? To ka ji da kyau, tunda fuskarka ka kawo: ba zan sauko ba. Ko rubewa za ka yi a wurin, tsallake ka zan yi in wuce."

Allura ta so ta tsane ta. Ta lalubi tsanar ko'ina a jikinta ba ta samu ba, sai wani sanyi da ya taso daga tafin ƙafa. Duk safiyar da ta yi tana dafa masa ruwan gasa ƙafa, tana alfahari a ranta cewa ita ce matar mutumin da bai ɓoye ba, ashe a can sama akwai yaro a ƙarƙashin gado. Kakarta ba ta taɓa ba ta labarin wanda ke bayan tagar ba.

Ta dubi mijinta. Fuskarsa ba ta motsa ba, amma hannunsa ya damƙi ƙarfen akwatin har jijiyoyi sun tashi, kuma ya yi fari fat kamar rigar.

Alƙalin ya gyara tabarau, ya tattara takardunsa.

"Na saurari kowa," ya ce. "Hatsarin kansa bai fi wanda na yanke ɗazu muni ba. Bambancin a mutum yake. Wancan ya nuna mini zuciyarsa. Kai kuwa tun safe nake neman ɗigon nadama a fuskarka, sai aka kawo mini farfesa ya ce wai a wurinku ba a yi. To ni ba a wurinku nake zaune ba. Kuma malamin naku da bakinsa ya ce abin nan ba ya ƙarewa, ma'ana muddin kana waje, baiwar Allahn nan ba ta da safiya." Ya numfasa, kamar wanda alherinsa ke ba shi wahala. "Amma na ji matarka. Na yarda tura ka aka yi, kuma ba na son in hukunta rago saboda laifin makiyayi. Don haka zan ba ka abin da ban cika bayarwa ba. Ka faɗa a nan, kowa ya ji, cewa ka bar wannan al'adar ta jahilci, kuma ba za ka ƙara taka layin gidanta ba har abada. In ka faɗa, ka bi matarka ku tafi gida yanzu. In ba ka faɗa ba, shekara biyar. Ina jin ka."

Lauyan ya saki ajiyar zuciya har takardar gabansa ta motsa. Allura ta miƙe tsaye ba ta sani ba. Kalma ɗaya. Ta riga ta biya kuɗinta da Kawu, da benci biyu na mutanenta, da rantsuwar da ta ci. A ranta har ta buɗe ƙofar ɗakinsu, ta ga takalmansa a bakin gado, ta ji shi yana tsokanarta cewa gishiri ya yi yawa.

Mai Tanka ya buɗe baki, muryar ta fito a dushe.

"Ranka ya daɗe, Kawu bai aike ni ba. A mayar masa da hularsa. Ba wanda ya aike ni."

"Yallaɓai," Allura ta ce. Ba ta san da ƙarfi ta faɗa ba sai da magatakarda ya harare ta.

Bai waiwayo ba. Matar mai burodi yake kallo, sannan ya sauke ido, karo na farko tun da aka shigo da shi.

"Ban san abin da nake yi mata ke nan ba. Na ɗauka ina kai mata abin da za ta daka ne. Yau na ji da kunnena." Ya nemo numfashi. "Amma in na ce maka ba zan koma ba, na yi ƙarya, kuma a gabanta. Na san ƙafafuna. Zan daure yau, zan daure gobe. Wata safiya zan fito sayen sabulu, sai dai in ga kaina a can."

"Malam, ka yi shiru haka nan," lauyan ya ce ƙasa-ƙasa, yana jan hannun rigarsa. "Ya mai shari'a, ina roƙon minti biyar in gana da..."

"Zauna, Barista. Shi na tambaya." Alƙalin ya ɗauki biro, ya cire murfin. "E ko a'a?"

"Ka dube ni!" Allura ta ƙwalla, ɗan sanda ya nufo ta. "Don girman Allah ka dube ni, ni ma mace ce, ni ma taga gare ni! Ni wa zai sallame ni?"

Ya dube ta. Duk abin da ta sani a fuskar nan yana nan, har ɗan tabon da ke gefen gira, har son da ba ta taɓa shakkarsa ba. Ta ga son, ta kuma ga bai isa ba.

Ya mayar da fuskarsa ga alƙali.

"A'a, ranka ya daɗe. Ba zan yi alkawarin ba. Ku rufe ni."